Allon Labari: Daga Kwaɗin Mustafa Alasan Zuwa Yaƙin Lugu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin magina a ƙauyukanmu na Arewa ya san ba da yumɓu ake fara ɗaki ba. Turke ake kafawa a tsakiyar fili, a ɗaura masa igiya, a kewaya da tsinke ana shata ƙasa, sai da'ira ta cika kana a kira masu kwaɓi. A lokacin nan ne mai ɗaki ke cewa a ƙara faɗi, ko a kau da ƙofa daga gabas saboda iskar da ke gabatar ruwan bazara. Gyaran shaci da tafin ƙafa ake yinsa, a shafe a sake. Gyaran bango kuwa sai an rusa. Haka ma babbar riga: kafin allura ta taɓa ta, sai mai zane ya fitar da aska da tambari a jikin ƙyallen.

Masu shirya fim su ma suna da nasu shacin. Kafin a ɗauko na'urar ɗaukar hoto, a tara ƴan wasa, a yi hayar mota, akan zauna da takarda a raba ta gida-gida, kowane gida a zana abin da ɗan kallo zai gani a wannan gaɓar ta labari: fuska ce kusa-kusa ko fili ne daga nesa, wa ke dama wa ke hagu, ta ina mutum zai shigo, ta ina zai fita. A ƙarƙashin kowane gida a rubuta maganar da za a faɗa, a ja ƴar kibiya mai nuna inda na'ura za ta juya. Idan aka jera takardun a bango, sai mutum ya karanta fim ɗin tun daga farko har ƙarshe alhali ba a ɗauki ko daƙiƙa ɗaya ba. Wasu masu magana da Faransanci na ce wa wannan aiki «scénarimage». Ni dai a aji ina ce masa allon labari, domin ya fi kama da allon almajiri: ana rubutawa, a biya, a wanke, a sake.

A birnin Los Angeles na Amurka ne wannan dabara ta samu siffar da aka san ta da ita, a farkon shekarun 1930, cikin ma'aikatar Walt Disney mai yin finafinan zane. Disney da kansa ya jingina ta ga wani ma'aikacinsa, Webb Smith, wanda ya riƙa zana kowace gaɓa a takarda dabam yana kafe su a jere jikin allo. Gajeren fim ɗin nan na ƴan aladu uku, na shekarar 1933, shi ake lissafawa na farko da aka tsara ɗungurungum ta wannan hanya. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hoto 24 ke wucewa gaban ido cikin kowace daƙiƙa ta fim, kuma a fim ɗin zane kowane hoto hannun mutum ne ke yinsa. In aka bari sai an gama kana a gane labarin ya karkace, aikin watanni ya tafi a banza. Daga nan masu fim da mutane na gaske suka ara. A 1939 William Cameron Menzies ya zana gaɓoɓin babban fim ɗin nan «Gone with the Wind» kafin a ɗauke su, kuma Alfred Hitchcock ya shahara da son ganin komai a takarda tukuna.

Mai karatu na iya cewa wannan ai sha'anin masu kuɗi ne. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Satyajit Ray na Indiya, wanda mai zanen tallace-tallace ne a Kalkata, da littafin zane ya riƙa yawo yana nuna wa masu hannu da shuni fim ɗin da ke cikin kansa, har gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta taimaka aka ƙarasa «Pather Panchali» a 1955. Akira Kurosawa na Japan, da aka daɗe ana hana shi kuɗin «Kagemusha», sai ya koma ga buroshi da fenti ya yi ta zana mahaya da tutocinsu, don ko fim ɗin bai samu ba a san yadda ya so ya kasance. Da kuɗin suka samu, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1980. Duka biyun rashi ne ya tura su ga takarda.

A ƙasarmu kuwa, takardar farko da ta shiga tsakanin mai fim da na'urarsa ba ta zane ba ce, ta gwamna ce. Dokar da ake kira ta Laval, ta shekarar 1934, ta wajabta wa duk mai son ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka ya gabatar da abin da yake nufin ɗauka ga hukuma, ya jira izini. René Vautier ya ƙi bin wannan ƙa'ida, ya ɗauki «Afrique 50», aka hana nuna fim ɗin shekaru da dama, shi kuma aka ɗaure shi. Paulin Vieyra da abokansa, ɗaliban Afirka, a birnin Paris suka ɗauki «Afrique-sur-Seine» a 1955 saboda ba a ba su damar ɗauka a gida ba. Ke nan tun farko an fahimci cewa hukuncin abin da za a gani a takarda ake yanke shi, ba a fagen ɗauka ba.

Da silimar Nijar ta tsiro, sai ta fito da rassa biyu, kuma abin mamaki daga tushe ɗaya. Reshe na farko shi ne na Jean Rouch, injiniyan hanyoyi da ya zo Nijar a 1941 ya rikiɗe ya zama mai nazarin al'adu. Rouch ba mutumin allo ba ne ko kaɗan. «Jaguar», wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka fito da shi a 1967, tafiya ce kawai ta samari uku zuwa ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau. Abin da hanya ta kawo shi ake ɗauka, maganar ma daga baya Damure Zika da Lam Ibrahim suka ɗora ta suna kallon hotunan suna raha. Na'urarsa ta lokacin irin mai wani ce, ba ta wuce kamar daƙiƙa 25 take tsayawa, sai an sake wana ta. A 1971, a Simiri ta Zarmaganda, ya ɗauki «Tourou et Bitti» a numfashi ɗaya, kusan minti 10 ba yankewa, yana tafe cikin fagen masu kiɗa har iskoki suka sauka. Mu mutanen Arewa mun fi kowa sanin cewa irin wannan ba a zana shi. Wa zai ce wa mai goge ga gidan da doki zai faɗi? Haka finafinan da Marc-Henri Piault, mai littafin «Histoire Mawri» na 1970, ya ɗauka a ƙasarmu, kamar wanda ya yi kan mahauta: aikin ido ne da haƙuri, a zauna a jira abin da zai faru. A wannan makaranta Umaru Ganda ya fara, a matsayin ɗan wasa cikin «Moi, un noir» na 1958, kafin ya zama mai shiryawa ya ciyo wa Nijar kyautar Dokin Yennenga ta farko a Wagadugu a 1972 da «Le Wazzou polygame». Rouch ya rasu a 2004 cikin hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni, a Yamai aka binne shi.

Reshe na biyu shi ne na Mustafa Alasan, kuma shi ne ya fi dacewa da zancenmu. An haife shi a 1942, ya fara da kanikanci. Tun bai taɓa riƙe na'ura ba yake yin silimarsa: ya zana hotuna a takarda mai shara-shara, ya haska su da fitila, mutane su taru suna kallo. Wato shi ta ƙofar zane ya shiga fim, ba ta ƙofar hoto ba. A Yamai ya haɗu da Rouch, wanda ya buɗe masa hanya, har ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren a hukumar fim ta ƙasar. A 1962 ya fito da «Aouré», wato aure, sannan «La mort de Gandji» a 1965, da «Bon voyage Sim» a 1966, wanda ake lissafawa cikin finafinan zane na farko-farko da wani ɗan Afirka ta kudu da Sahara ya yi.

Mu ɗan tsaya kan wannan na ƙarshe. Fim ne na kamar minti 5, baƙin layi kan farar takarda. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, an gayyace shi ziyarar aiki a ƙasar maƙwabta. Ga jirgin sama, ga faretin soja, ga jawabi, ga dukan shagalin da sabbin shugabanninmu suka gada daga gwamnonin da suka tafi. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: minti 5 daƙiƙa 300 ne, ko da zane 12 kacal aka yi wa kowace daƙiƙa, an doshi zane 3600. Mutum ɗaya, a Yamai ta 1966, ba zai ɗora hannu kan irin wannan aiki ba sai ya riga ya san inda kwaɗonsa zai tashi da inda zai sauka. A wurin Rouch tunani na tafiya tare da na'ura. A wurin Alasan tunani ya ƙare kafin na'ura ta fara. Kuma ina ganin ba banza ba ne ya zama mai zanen ne ya iya yi wa masu mulki dariya shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai. Ba'a aba ce mai son awo, in ta yi yawa ta zama zagi, in ta gaza ta zama shirme, kuma a takarda ake auna ta. A wannan shekarar dai ya yi «Le retour d'un aventurier», inda samarin ƙauye suka sa hulunan kaboyi suka addabi garinsu, tare da Zalika Sule da Jingare Maiga. Daga baya ya koma Tawa da zama, ya ci gaba da sarrafa ƴan tsana da zane, har ya koyi yi da kwamfuta da girmansa. Ya rasu a Wagadugu a 2015.

Akwai kuma wani dalili da ya sa mutanen wancan zamani, ko masu zane ko marasa zane, ba su ɗauka da ka. Zaren fim na milimita 16 tsada gare shi, gwangwani mai mita 120 bai fi minti 11 ba, kuma ba a wanke shi a nan. Sai an aika Faransa. Mai shiryawa kan gama ɗauka, a watse, makonni su wuce, kana ya ga abin da ya ɗauka. In ya tarar ya manta fuskar mai amsa magana, ko ɗan wasa ya fita ta dama ya sake shigowa ta dama, to babu komawa: damina ta sauka, filin ya zama gona, ɗan wasan ya tafi cin rani.

To, ina Arewa cikin wannan tarihi? Arewa ta ba silimar Afirka ɗaya daga cikin manyan labarunta, amma ba ita ta zana shi ba. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe bayin Allah. Ta ratsa Dallol Mawri, kuma ranar 16 ga Afrilu ta auka wa Lugu, garin Sarauniya, wanda ke cikin gundumar Dogondutsi a yau. Aznan Lugu sun ja cikin kurmi da bakunansu suka yi tsayayya. Lissafin su Voulet da kansu ya ce sun rasa mutum 4, aka raunata musu 6. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da ta fi kowace muni a Birnin Ƙonni. A Ɗankori, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da shi, kuma cikin kwanakin da suka biyo sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Takardun Nasara layuka kaɗan suka ba Sarauniya.

Abdullahi Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, shi ya ɗauko waɗannan layuka da abin da ya ji a bakin mutane ya gina littafinsa «Sarraounia», wanda ya fito a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986. Hondo ba mai barin abu ga sa'a ba ne. Shi ne wanda a 1979 ya sa aka gina jirgin ruwan bayi sukutum cikin wata tsohuwar masana'antar motoci a Paris ya ɗauki «West Indies» a cikinsa. An shirya ɗaukar «Sarraounia» a Nijar, amma shiri da hukumomin lokacin ya wargaje, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓe shi. A can aka ɗauka, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, harsunan fim ɗin kuwa Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. A 1987 ya ci Dokin Yennenga.

Ba na cikin masu ƙyashin wannan fim. Babban aiki ne, kuma ba don shi da littafin Mamani ba, da sunan Lugu bai fita daga Dallol ba. Sai dai ya kamata mu san abin da muke kallo. Sarauniyar da ke cikinsa matashiya ce mayaƙiya, mai harbi da baka, mai jawabi gaban dakaru. Sarauniyar da Arewa ta sani, wadda sarautarta ta girmi zuwan Nasara da ƙarnoni kuma ba ta ƙare da yaƙin ba, uwar ƙasa ce mai zama cikin ɗakinta da farin zane da abawa, ƙarfinta ba a dantse yake ba. Tana cikin tsari ɗaya da Baura na Bagaji da dutsen Tunguma, gefe guda kuma ga sarautar Sarkin Arewa ta Matankari da ta Samna a Tibiri. Mamani ya zaɓi tasa siffar da gangan, domin yana neman jaruma ga Afirka baki ɗaya, Hondo kuma ya sa mata fuska. Duk wanda ya cika gidan farko a takarda, to ya riga ya zaɓar wa miliyoyin mutane inda za su tsaya da abin da za su gani. Mu da muka taso a shekarun 1990 muna kallo a gidajen bidiyo masu injin wuta, da fuskar Aï Keïta muka san kakarmu, kuma tsaunukan da ke bayanta ba Tozon Bijini ba ne.

Bidiyon nan shi ya sauya komai. Daga «Turmin Danya» da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, fim ya koma magana da Hausa a kowace rumfa, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa. Amma kaset ba shi da tsadar zare, ana gani nan take, ana shafewa a sake. Wayar hannu kuma ta zo ta ƙarasa sauran. Tsoron asara da ya tilasta wa na farko yin shiri ya kau, shirin ma sai ya bi shi. Shi ya sa mai kallo kan ga mutum biyu a kan kujera ɗaya minti goma, na'ura na kafe kamar an dasa ta, ana faɗa masa da baki abin da ya kamata a nuna masa. Ban ce duka ba. Wanda ya ga «Koukan Kourcia» na Sani Magori, na 2010, ko «Zinder» na Aisha Maki, na 2021, ya san har yanzu akwai masu sanin inda za su tsaya kafin su danna.

A bara, bayan mun gama karanta littafin Mamani da ɗalibaina na lise, na ce kowa ya tsaga takarda biyu daga kayensa, ya raba su gida 12, ya zana mini ranar 16 ga Afrilu 1899 a Lugu. Na ce ba gwanintar zane nake nema ba, mutum na iya zama sanda da ƙwallo a kai. Mafi yawansu, ƴaƴan Dutsi da Matankari da Tibiri da Gecemi, gidansu na farko iri ɗaya ne: bayan sojoji, ga bindigogi a jere, ga wani Bature da madubin hangen nesa, can gaba kuma ƴan bukkoki ƙanana. Na tambaye su wanda ke tsaye a wurin da aka ga wannan hoto. Aka yi shiru, kana wani daga bayan aji ya ce, «Mushe, Voulet ne.» Ba wanda ya ce su tsaya nan; a nan suka saba ganin an tsaya.

Wata yarinya, wadda mahaifiyarta mutuniyar wajen Bagaji ce, ta zo da wani abu dabam. Gidanta na farko guga ne a bakin rijiya. Na biyu mace ce ta ɗaga kai. Na uku hayaƙi ne can nesa, siriri. Daga nan awaki na gudu, wata tsohuwa na tura yara cikin kurmi, wani na shafa dafi ga kibiya. Soja bai bayyana ba sai a gida na tara, shi ma ƙafafunsa kawai, yadda wanda ke kwance cikin sabara zai gan su. Gidan da ta rubuta «Sarauniya» a ƙarƙashinsa kuwa ba kowa a ciki: ƙofar ɗaki ce da asabari a sake, da mazari a ƙasa, zarensa ya shige ciki. Ajin ya rabu biyu. Wasu suka ce fim ɗin Sarauniya ba Sarauniya ai cuta ce ga ɗan kallo. Ita kuma ta ce haka aka ba ta labarin a gida, ba a taɓa siffanta mata fuskar ba, kuma ba ita za ta fara ba.

Da gardama ta lafa, sai na sa suka lissafa a baƙin allo abin da kowane tsari zai ci. Na masu bin bayan Voulet na bukatar kakin soja, da bindigogi, da dawaki, da Bature aƙalla ɗaya. Nata kuwa rijiya ɗaya ce, da awaki, da ɗaki, da takalman soja ƙafa biyu, da wanda zai tara kara ya cinna masa wuta a bayan tudu. Suka sa rana cikin hutun Afrilu, lokacin da zafi da launin ƙasa za su yi daidai da na ranar yaƙin. Gida na tara ne kawai aka sake zanawa, domin wanda zai riƙe wayar ya ce in ya kwanta yadda aka zana, rana za ta faɗo masa cikin ido. Aka juya kibiyar, sojan ya shigo ta hagu.